Yadda Aka Cike Ramin Ummaru da Ƙasar Tudunsa

Ban taɓa mantawa da ranar da muka sauke akwatin Mai Agogo a gindin tsamiyar wata makaranta tsakanin Wurno da Goronyo ba. Shekarar ita ce wadda Gulbin Rima ya haura gaɓa ya shanye fadama, har mutanen Wurno suka riƙa yankan shinkafa daga cikin jirgi. Sojojin da aka kai yaƙi ba su daɗe da dawowa ba. Sunan garin ba zan faɗe shi ba, domin 'ya'yan waɗanda zan ambata suna nan da ransu, kuma ba su suka yi ba.

A lokacin ni masinja ne a ofishin ilimi, ban san ko harafi ɗaya na boko ba. Karatun da nake rubuta wannan da shi, da furfura ta fara fito mini na koye shi a ajin manya. Ina rubuta shi ne saboda ku ƙananan malamai da sababbin masinjoji da ake turawa rangadin jarrabawa, don abin da na gani sau ɗaya kada ku gan shi sau biyu.

Ga yadda tsarin yake ga wanda bai sani ba. Yaro yakan yi aji huɗu a elemantare ta garinsu. Daga nan, in an zaɓe shi, ya tafi Midil a birni, inda ake kwana a makaranta. In ba a zaɓe shi ba, karatu ya ƙare, ya koma gona ko sana'ar gidansu. Gurbin kaɗan ne ƙwarai. Makarantar da nake magana a kanta gurbi ɗaya aka ba ta a shekarar. Mai zaɓen kuwa Baturen makaranta ne, wanda muke kira Mai Agogo saboda wani ɗan agogo da yake ratayawa a wuya, mai kunne a kai. In ya danna kunnen ya fara tafiya, in ya sake dannawa ya tsaya cak. A gabansa kuwa Zaki muke ce masa. Ƙarƙashinsa sai hedimasta, ƙarƙashin hedimasta malaman aji, can ƙasa kuma mu masu ɗaukar kaya.

A shekarar Mai Agogo ya zo da sabon abu daga ƙasarsu. Ya ce jarrabawar da aka saba tana auna abin da aka cusa wa yaro ne kawai, shi kuwa yana son ya auna kan yaron kansa. Aikina in ɗauki akwatin, in shimfiɗa tabarma, in jera kayan, in kira yaran ɗaya bayan ɗaya. Don haka duk abin da ya faru a gabana ya faru.

Gwajin kashi uku ne. Na farko 'yan gutattakin katako masu kusurwa huɗu, wani gefen ja, wani fari, wani rabi ja rabi fari. A nuna wa yaro zane a kati, ya jera katakon su fito kamar zanen. Katunan suna farawa da sauƙi suna ƙara wuya. Na biyu tambayoyin hankali da baki. Na uku shi ne na gaggawa: takarda cike da siffofi, kowace siffa da alamarta, yaro ya bi yana sa alamar a ƙarƙashin kowace da fensir har agogo ya tsaya. In an gama, Mai Agogo yakan sa ɗigo uku a takardar yaron, ya haɗa su da layi. Ban iya karatu ba, amma layi ba ya bukatar karatu. Mun yi Rabah, mun yi Wurno, na ga layin yara da yawa. Yawancinsu a kwance yake kamar hanyar shanu, na wani sama kaɗan, na wani ƙasa kaɗan.

Hedimastan makarantar nan, Malam Sanda, mutum ne mai farar riga da jar dara, wanda ya yi imani cewa Allah ya halicci Bature ne don a faranta masa rai. Kafin mu iso ya sa an share gindin tsamiya har ƙasa ta yi sulɓi, an shafa wa duwatsun bakin hanya farar ƙasa. In yana magana da Bature sai ya yi Hausar littafi, a hankali, yana lanƙwasa wuya. In ya juyo kanmu sai Sakkwatancinsa ya dawo, da tsawa a kai.

Yaro na kusan ƙarshe shi ne Ummaru, ɗan Baba Alu masaƙi. Siriri ne, mai dogayen yatsu, ba ya da yawan magana. Ya zauna, na tura masa katakon, Mai Agogo ya ɗora kati na farko.

Yaron bai taɓa komai ba. Ya ɗora hannuwansa a gwiwa yana kallon katin. Shiru ya yi tsawo har Malam Sanda ya yi gyaran murya.

"Kai, ɗan masaƙa! Barci kaka yi?"

Mai Agogo ya ɗaga masa hannu ya yi shiru. Can sai yaron ya miƙa hannu, ya ɗauki katakon ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya ajiye shi inda zai zauna, bai juya ko ɗaya sau biyu ba. Zane ya fito. Kati na biyu haka, na uku haka. Sauran yara duk da na gani, sukan yi ta juya katakon suna gwadawa har su dace. Shi wannan a ka yake gama aikin, hannu zuwa kawai yake yi ya ajiye. Lokacin da aka ba kashin katako mai yalwa ne, don haka shirun bai cuce shi ba. Muka wuce inda yaran Rabah da Wurno suka tsaya. Mai Agogo ya laluba ƙasan akwati ya fito da katunan da ban taɓa ganin ya fitar ba, har ƙura ta kama su. Yaron ya yi su duka. Na ƙarshen ya daɗe yana kallo, sannan ya jera, ya gyara zamansa, ya mayar da hannu gwiwa.

Aka zo tambayoyi. Ɗaya daga ciki na riƙe ta. Mai Agogo ya ce, tulu biyu aka bari a ruwan sama, ɗaya mai faɗin baki, ɗaya mai ƙaramin baki, wanne zai riga cika? Duk yaran da suka gabata sun ce mai faɗin baki, aka ba su maki. Ummaru ya yi shirunsa, sannan ya ce:

"Zaki, cikinsu ɗaya na, ko wani ya ɗara wani girma?"

Mai Agogo ya ajiye fensir ya yi dariya har haƙoransa na zinariya suka fito. Ya ce ba wanda ya taɓa tambayarsa haka tun daga birni.

Sai kashi na uku. Aka ba shi fensir, aka danna agogo. Yaron ya sunkuya ya zana alama ta farko, tsaf, kamar an buga ta da hatimi. Ta biyu daidai girman ta farko. Ta huɗu ta ɗan karkace, sai ya tsaya ya goge, ya hura takardar, ya sake. Malam Sanda yana bayansa yana murza hannu kamar mai ciwon ciki. Agogo ya tsaya yaron bai gama layi biyu ba, alhali wasu sun yi biyar, shida. A duk rangadin, yaro ɗaya ne kawai ya yi ƙasa da shi, shi ma zazzaɓi yake yi.

Da aka ja layinsa sai ga abin da ban taɓa gani ba: ɗigo biyu can sama har bakin takarda, na uku can ƙasa. Tudu, tudu, sai rami.

Dokar da aka ba Mai Agogo daga sama ita ce ya haɗa makin kashi ukun, wanda ya fi yawa shi ke da gurbi. Da aka haɗa, ramin ya ja Ummaru ƙasa, wani yaro mai suna Bello ya ɗara shi da kaɗan. Bello yaron kirki ne, layinsa a kwance, ba abin da zan ce a kansa. Mai Agogo ya daɗe yana duban takardun biyu. Daga baya ya kira hedimasta, ina tsugune ina mayar da katako cikin akwati.

Ya ce, "Malam Sanda, wannan yaro haɗa makinsa ba zai faɗi gaskiyarsa ba. Zan tafi Goronyo, in dawo bayan kasuwa biyu, in sake gwada shi da wasu katunan. In tudun nan na gaske ne, zan rubuta wa babbana a ɗauke shi, ko da ramin yana nan. Kada a yi masa kome. Ku bar shi yadda yake."

Malam Sanda ya rusuna ya ce, "To, Zaki. An gama, Zaki."

Wannan magana ba ta da lauje cikin naɗi. Amma sai ku san irin tarbiyyar da mutum kamar Malam Sanda ya samu. Tun yana ƙaramin malami ya koyi cewa in Bature ya nuna rami a hanya ya ce ba kome, to kafin ya dawo a tara gayya a cike shi. In ya dubi rufin aji ya ce ana iya bari sai baɗi, to a daren nan a nemo ciyawa. Wanda ya ɗauki "ba kome" ta Bature a matsayin ba kome, shi ake mayarwa ƙauyen da ba rijiya. Shekara da shekaru wannan dabara ta yi masa aiki a kan hanya da rufi da shara, har ya kai hedimasta. Bai ga dalilin da zai hana ta aiki a kan yaro ba.

Ni ban bi su Goronyo ba. Kurkunu ya fito mini a ƙafar dama, ta kumbura ba na iya takawa. Aka ɗora wa wani mutum akwatin, aka bar ni a zauren makaranta ina naɗe tsutsar a tsinke kaɗan kaɗan kowace safiya. Daga ƙofar zauren gindin tsamiya a gabana yake.

Da yammacin ranar Ummaru ya kawo mini fura daga gidansu. Ya tsuguna yana kallon tsinken ƙafata.

"Kawu Garba, kai da ka san birni, gaskiya na akwai injin da ka gurzar auduga shi kaɗai?"

Na ce na ji ana faɗi, ban gani ba.

"To ƙaƙa shika sanin wanga iri na, wanga auduga ta, ba shi da yatsu?"

Na ce wallahi ban sani ba. Ya ce an gaya masa a Midil ana koyar da cikin inji, shi abin da yake son ya gani ke nan. Ya ce Babansa da farko ya ƙi, daga baya ya ce tunda yayyensa biyu suna kan masaƙa, in an ɗauke shi ya tafi. Wannan ita ce doguwar maganar da na taɓa ji daga bakinsa.

Washegari Malam Sanda ya fara aikin gayya. Ya sa kafinta ya yanka masa katako irin na akwatin, aka shafa musu jar ƙasa da farar ƙasa. Ya zana katunansa da siffofinsa. Agogo ne ba shi da shi, sai ya yi dabara. Ya sa aka kawo daro cike da ruwa da ƙaramin ƙoƙo, ya huda gindin ƙoƙon da basilla, ya ɗora shi a kan ruwan. Ƙoƙo yana shan ruwa a hankali, in ya cika sai ya yi ƙululu ya nutse. In ya nutse yaro bai gama ba, tsumagiya a bayan hannu. Shi kansa wannan hikima ta burge shi, har ya kira malaman aji su gani. Suka ce madalla, domin shi ke rubuta rahotonsu.

Da a kashin gaggawa kaɗai ya tsaya, da da sauƙi. Amma shi a ganinsa ciwon ɗaya ne: yaron nawa gare shi. Shirun nan da yake yi kafin ya taɓa katako, shi ne babban abin kunya, don a gaban Bature aka yi shi. Saboda haka ko ƙoƙo bai nutse ba, in hannun yaron ya zauna a gwiwa, tsumagiya ta sauka.

"Taɓa! Taɓa wani abu! Bature na kallo, kai kana zaune awa gunki!"

Tambayoyi ma haka. Ya yi tambaya, ya buga tsumagiya a tebur, amsa ta fito kafin ƙarar ta mutu. Kowace safiya kuma sai ya ƙara faɗin hujin da basilla. In huji ya yi yawa ƙoƙo ya tsage, a kawo wani.

Na yi magana sau ɗaya. Na ce, "Ranka shi daɗe, ni dai na jiya Bature yac ce a bar shi."

Ya dube ni daga ƙafar kurkunu zuwa kai.

"Garba, da kunne kaka jin Bature, shi yas sa kaka ɗaukar akwati. Mu da hankali muka jin shi. Yi ta naɗin tsutsarka."

Malaman aji suka yi dariya, na koma kan tsutsata.

Bayan 'yan kwanaki Baba Alu ya zo da kansa. Dattijo ne mai ɗan doro irin na masu zama a masaƙa. Ya cire takalmi tun daga nesa, ya durƙusa.

"Allah shi ba ka nasara, Malam. Na ga hannun yaron ga ya kumbura. In laihi yay yi, a hwaɗa mani in ƙara mai."

"Ba laihi ba na, Baba. Gyara na. Nawa gare shi, Bature ya gani."

"Nawa? Malam, ni nik koya mai haka. Ga sana'armu, wanda bai gama wadari, watau jeran zare, cikin kainai ba, ba shi taɓa zare. In layi ɗaya ya karkace, warware shi aka yi, ko an kai kamu goma. Ba mu san tsere ba ga masaƙa."

"To nan ba masaƙa ba ta. Kana son shi tahi Midil ko ba ka so?"

"Shi dai yana so."

"To umurnin Bature na. In kana da ja, ka jira shi ka hwaɗa mai."

Wa ya isa ya yi ja da umurnin Bature a wancan zamani? Tsohon ya tashi, ya ɗauki takalmansa a hannu, bai sa su ba sai da ya wuce duwatsun nan masu farar ƙasa. Abin da ya fi ba ni haushi har yau, Malam Sanda ba ƙarya ya ɗauka yana yi ba. Har cikin zuciyarsa ya yarda abin da Bature ke so ke nan, kuma alheri yake yi wa ɗan masaƙi. Azzalumin da ya san yana zalunci wata rana yakan gaji. Wawan da ke ganin taimako yake yi ba ya gajiya.

Yaron kuwa ya koya. Ai mai kai ne, duk abin da aka koya masa sai ya iya. Kafin kasuwa ta biyu ta ci, hannunsa yana kan katako tun kati bai gama sauka ba. Idonsa ɗaya a kan aiki, ɗaya a kan daro.

Mai Agogo ya dawo da hantsi, rana ta ƙona masa wuya, dokinsa yana ɗingishi. Ƙafata ta yi sauƙi, na karɓi akwatina, na shimfiɗa tabarma. Aka kira Ummaru, ya zauna, ya ɓoye bayan hannunsa cikin riga.

Mai Agogo ya ce a fara da na gaggawa. Ya danna agogo. Fensir ya kama gudu, alamu karkatattu kamar sawun kaza, amma ya cika layi biyar. Malam Sanda ya dubi malaman aji yana murmushi.

Sai katako. Kati ya sauka, hannu ya kai. Ya juya wannan, ya juya wancan, ya ajiye, ya ɗauke, ya sake juyawa. Masu sauƙin ya dace da su kamar yadda kowa ke dacewa. Da aka zo masu wuya, na ga sau ɗaya hannunsa ya fara komawa gwiwa, kamar jiki ya tuna. A daidai nan wata mata ta zo wucewa bayan aji da tulu, ruwan ciki ya yi ƙululu. Yaron ya zabura ya cafki katako. Daga nan bai ƙara yin ko ɗaya daidai ba. Ya tsaya kusa da inda yaran Wurno suka tsaya. Katunan ƙasan akwati ba a ko fito da su ba.

Tambaya kuma, Mai Agogo ya ce, in jaki biyu suka yi yini guda daga nan zuwa Rabah, jaki huɗu fa?

"Rabin yini!"

Tun Bature bai rufe baki ba ya faɗa. Ya faɗa ne kuma sai na ga fuskarsa ta sauya, ya gane, amma magana ta fita.

Aka sa ɗigo uku, aka ja layi. A kwance sambal, a tsakiyar takarda, ƙasa da na Bello. Ba tudu, ba rami.

Mai Agogo ya ajiye takardar farko kusa da ta biyu, yana shafa haɓa. Ya ce a hankali, kila na farkon sa'a ce. Sannan ya juyo ya dube ni, ni da ke kwana da akwatin, ya ce ko kuwa wani ya nuna masa katunan. Kafin in buɗe baki, Malam Sanda ya kasa haƙuri. Mutum ya yi aikin gayya, a ce sa'a ce?

"Zaki, ka ga ramin ya cike? Aikinmu ne. Safe da yamma muka yi ta yi."

Ya tafa hannu aka kawo daro da ƙoƙo da katakon kafinta. Ya ɗora ƙoƙon a ruwa don Bature ya ga yadda yake nutsewa, ya tsaya yana jiran yabo, har ya gyara zaman jar dararsa.

Na sha ganin Bature ya yi fushi, amma ban taɓa ganin wanda ya yi ja kamar gauta irin na ranar ba. Ya jawo hannun yaron daga riga ya duba. Ya yi faɗa da Hausa, Hausa ta ƙare ya koma harshensu, ya shuri daron, ruwa ya malale a ƙasar da aka share. Malam Sanda yana ta "Tuba nake, Zaki," fuskarsa kuwa ta mai mamaki ce, bai san abin da yake tuba a kai ba.

A nan na yi zaton an gama, gaskiya ta fito, yaro zai tafi Midil. To ku saurari rabon Bature, don kada ku ce hedimasta kaɗai nake zargi. Da fushin ya sauka, ya zauna a kujerarsa ta rangadi ya kunna taba. Takarda biyu a gabansa, ya san wadda ta faɗi gaskiya, ya kuma san yadda aka yi ta biyun. Amma ya riga ya gaya wa babbansa cewa sabon gwajinsa ba ya ƙarya, kuma ba a iya koya wa yaro shi. In ya rubuta abin da ya faru, sai ya rubuta cewa ƙoƙo da tsumagiya sun juya masa awo cikin kasuwa biyu. Ya ce wa Malam Sanda, ba wa yaron ba, ba wa uban da ke tsaye can nesa ba:

"Ba ni da wasu katunan da bai gani ba. Abin da agogona ya nuna yau shi zan rubuta."

Ya rubuta sunan Bello. Ya ninke takardar farko ya sa a aljihu, ya ce ta ba shi sha'awa, zai nuna wa wani abokinsa a ƙasarsu. Ya ce in ɗaure akwati, muna son mu kai Wurno kafin rana ta faɗi. Mutumin da ya ƙetaro teku don ya auna kan yara, ga kai ya samu, ya sa shi a aljihu don hira.

Malam Sanda ba a yi masa kome ba. Daga baya ma makaranta mafi girma aka ba shi. Na ji yana ba da labari cewa shi ne ya taɓa ƙara wa yaro gudun hannu ninki biyu cikin kasuwa biyu, kuma ba ƙarya ya yi ba.

Da rani na sake bi ta garin da saƙo, na tsaya gaida Baba Alu a rumfar masaƙa. Ummaru yana gefe yana naɗin zare, aikin ƙananan yara. Na tambayi dalili. Tsohon ya shiga ɗaki ya fito da luru biyu, manyan zannuwan rufa da Ummaru ya saƙa, ya shimfiɗa mini. Adon ya tafi daidai, sai ya karkace, ya sake karkacewa.

"Ka gani? Tun da nika saƙa ban taɓa hidda irin wanga ba daga rumfata. Ya hau masaƙa awa ana korarshi. Na sauke shi. Sai hannun ya manta, kana shi koma."

Yaron bai ɗago kai ba. Bai tambaye ni labarin inji ba. Ya koma masaƙa daga baya, yana ci da ita har yau, saƙarsa ba laifi, kamar ta kowa.

Abin da aikin nan ya koya mini kaɗan ne. In kuka ga yaro layinsa ya hau sama ƙwarai a wuri ya faɗi a wani wuri, kada ku yi saurin haɗawa ku raba, don abin da zai fito ba kowa ba ne, ba wannan yaron ba. Ku tambayi tudun daban, ku tambayi ramin daban, ku je gidansu ku ga abin da aka koya wa hannunsa. Sau da yawa abin da ya haƙa ramin shi ya tara tudun. Kuma ku ji tsoron mai gyara fiye da mai ɓarna. Masu aikinmu, baƙi da fari, layi a kwance suka fi so, don shi ne ba ya sa a yi dogon bayani ga na sama.

Ga abin da aka yi hasara a garin nan, yadda na ƙirga. Ƙoƙo uku. Tsumagiya biyu. Daro ɗaya da ya lotse. Luru biyu na Baba Alu. Gurbin Midil ɗaya. Da yaro ɗaya wanda ya iya ɗora hannu a gwiwa ya yi shiru har ya gani.